Sandika ta zama mai gida? Taura biyu ba ta taunuwa

Akwai wata magana da takan taso a tarurrukan ma'aikata duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin za a rufe wata masana'anta ko za a sayar da wani kamfanin gwamnati. Wani daga cikin taro yakan miƙe ya ce: "Mu muka san injunan nan, da su muke kwana, da su muke tashi. Me zai hana mu haɗa kuɗi mu saye gidan, mu zama iyayen gijin kanmu?" Nan take sai zaure ya kaure da tafi. Maganar tana da daɗin ji, kuma babu laifi ga talaka ya yi burin cin moriyar guminsa. Amma kafin wata sandika ta ɗauki wannan shawara ta mai da ita hanyar gwagwarmayarta, ya kamata ta dubi abin da ya sami waɗanda suka riga ta bin hanyar, domin gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Abu uku ne ake yawan cakuɗawa a nan. Na farko shi ne ƙungiyar gama kai, watau kwaparatif, inda masu aiki su ne masu jari, kowa da ƙuri'a ɗaya. Na biyu shi ne a ba ma'aikata hannun jari cikin kamfanin da suke yi wa aiki, kyauta ko a madadin wani kashi na albashinsu. Na uku shi ne sandika da kanta ta kafa kamfanoni da kuɗin mambobinta. Siffarsu ta bambanta, amma dukansu suna kai sandika ga tambaya ɗaya: idan ma'aikaci ya zama mai gida, wa zai tsaya masa ranar da gidan ya cuce shi?

Tsohuwar gardama

Wannan gardama ba ta yau ba ce. Tun a 1891 wata Baturiyar Ingila, Beatrice Potter, wadda daga baya aka fi sani da Beatrice Webb, ta binciki masana'antun da ma'aikata suka kafa da kansu a ƙasarta. Ita da mijinta Sidney Webb, waɗanda duka masoya ƙungiyoyin ƙwadago ne, sun yanke hukunci cewa irin waɗannan masana'antu hanya biyu gare su: ko su karye, ko kuwa su yi nasara, waɗanda suka kafa su su rufe ƙofa, su riƙa ɗaukar ƴan ƙwadago suna biyansu lada kamar kowane attajiri. A 1899 kuma Rosa Luxemburg ta kawo nata dalili a Jamus. Ta ce masana'antar ma'aikata tana sayar da kayanta ne a kasuwa ɗaya da masana'antar ɗan jari-hujja, kuma kasuwa ba ta tambayar wa ya mallaki injin. Idan abokin gasa ya rage farashi, dole su ma su rage. Kuma babu inda za su samo ragin sai daga jikinsu, ko su ƙara awoyin aiki, ko su rage albashi, ko su sallami waɗansu daga cikinsu. Watau bulalar da mai gida yake riƙe da ita ba ta ɓace ba, hannu kawai ta sauya.

Shekaru fiye da ɗari sun wuce tun daga nan, kuma an gwada abin a ƙasashe da yawa. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Ba a sayar wa ma'aikata da saniya mai nono

Dalili na farko shi ne irin kamfanin da yake faɗowa hannun ma'aikata. Mai jari ba ya rabuwa da abin da ke kawo masa riba. Galibi sai kasuwa ta juya baya, injuna sun tsufa, bashi ya kai wuya, sannan a tuna cewa ma'aikata ma suna iya zama masu gida.

A Faransa, a 1973, ma'aikatan masana'antar agogo ta Lip a birnin Besançon sun mamaye gidan bayan sun gano shirin korar ɗaruruwansu. Suka ci gaba da ƙera agogo, suna sayarwa, suna biyan kansu. Jarumtarsu ta girgiza ƙasar, har mutane kimanin 100,000 suka yi maci a birnin a watan Satumba na wannan shekara. Amma jarumta ba ta canza halin kasuwar agogo ba. An sake buɗe kamfanin a 1974, ya sake karyewa a 1976, kuma ƙungiyoyin gama kai da aka kafa a kan kufansa ba su taɓa ɗaukar yawan mutanen da yake ɗauka a da ba.

A Birtaniya ma, a 1974 da 1975, ministan masana'antu Tony Benn ya ba da kuɗin gwamnati don ma'aikata su karɓi kamfanoni uku da suka durƙushe. Jaridar Scottish Daily News ta yi wata shida kacal ta mutu. Masana'antar Kirkby ta rufe a 1979. Masana'antar babur ta Triumph a Meriden ta fi su jurewa, amma ita ma ta rufe a 1983. A Amurka, ma'aikatan ƙarfe na Weirton sun sayi masana'antarsu a 1984 bayan sun yarda da ragin albashi. An yi ƴan shekaru ana samun riba, sannan aka shiga sallamar ma'aikata, kamfanin ya karye a 2003.

Abin lura shi ne, a mafi yawan waɗannan wurare tsohon mai gida ya tattara nasa ya yi gaba. Nauyin rufe gidan, da baƙin jinin sallamar mutane, sun koma kan ma'aikata da shugabanninsu.

Hatsi da iri cikin rumbu ɗaya

Dalili na biyu kowane manomi ya san shi. Mai hankali yakan yi gona a jigawa, ya yi wata a fadama, ya haɗa gero da wake, don in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Attajiri ma haka yake yi da dukiyarsa, yakan rarraba ta cikin kamfanoni da yawa. Amma ma'aikacin da ya zuba ajiyarsa cikin gidan da yake aiki ya tara abincinsa da irin shukarsa cikin rumbu ɗaya. Ranar da gobara ta kama, ba ci, ba shuka.

Babu misalin da ya fi na kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka. A watan Yuli na 1994, sandikar matuƙan jirgi da ta makanikai, tare da ma'aikatan buro, suka karɓi kashi 55 cikin ɗari na hannun jarin kamfanin. Ba kyauta aka ba su ba. Sun biya ne da ragin albashi da sauran haƙƙoƙi na shekaru kusan shida, wanda ƙimarsa ta kusa biliyan 5 na dalar Amurka. An yi ta shela cewa ga babban kamfani ya zama na ma'aikatansa. Amma a majalisar gudanarwa mai kujera 12, kujera uku kaɗai aka ba su. Bugu da ƙari, ma'aikaci ba shi da ikon sayar da hannun jarinsa sai ya bar aiki ko ya yi ritaya. A 1997 hannun jari ɗaya ya kai wajen dalar Amurka 100, ma'aikata suna kallon arzikinsu a takarda, ba halin taɓawa.

Sai al'amura suka juya. Kasuwa ta yi sanyi, ga kuma harin 11 ga Satumba na 2001 wanda jirage biyu na kamfanin suka salwanta a cikinsa. A watan Disamba na 2002 United ya kai kansa kotu a matsayin wanda ya kasa biyan bashi, hannun jarin nan ya faɗo wajen dala ɗaya. Aka sake rage albashi, aka sallami dubbai. A 2005 kotu ta yarda a soke asusun ritayar ma'aikata, aka miƙa shi ga hukumar gwamnati mai lamunin irin wannan asusu, wadda take da iyakar abin da take biya, don haka da yawa daga cikin matuƙan suka rasa babban kashi na abin da aka yi musu alkawari. Albashi ya tafi, ajiya ta tafi, kuɗin tsufa ya ragu, duk a lokaci guda.

Wa za a yi wa yajin aiki?

Dalili na uku shi ne ya fi shafar sandika kanta. Ƙarfin sandika daga abu ɗaya yake fitowa: ma'aikata suna iya janye hannunsu gaba ɗaya, mai gida ya ji a aljihunsa. To, idan aljihun nasu ne fa? Duk wakilin ma'aikata da ya nemi ƙarin albashi, sai a buɗe masa littafin lissafi a ce: "Kai ma fa mai jari ne, kana son ka kashe gidanka?" Shugaban sandika da ke zaune a majalisar gudanarwa yakan ji asirin kamfani wanda doka ta hana shi faɗa wa waɗanda suka zaɓe shi. Da safe yana sa hannu a kan shirin tsimi, da maraice yana gaban taro ana tambayarsa dalilin sallamar ƴan'uwa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

A United ɗin ma, mallakar ba ta kashe rigima ba. A bazarar 2000 matuƙan jirgi, waɗanda su ne suka fi kowa hannun jari, sun ƙi yin aikin ƙarin lokaci saboda jayayyar albashi, aka soke dubban tafiye-tafiye. Wannan ya nuna cewa a ransu sun san su ma'aikata ne, takardar jari ba ta canza matsayinsu ba.

Ko a Mondragon, a yankin Basko na ƙasar Sifen, inda ake kafa hujja da shi a duniya duka, an ga haka. Wani limamin kirista, José María Arizmendiarrieta, shi ya tarbiyyantar da samari biyar da suka kafa masana'antar farko, Ulgor, a 1956. Amma a 1974, da ɗaruruwan ma'aikata suka yi yaji a kan sabon tsarin auna aiki da albashi, sai aka kori jagororinsu, domin dokar ƙungiyar ta hana mamba yin yaji a kan al'amarin cikin gida. Sai bayan shekaru aka mai da su. Ga gida na ma'aikata, ga ma'aikaci ya rasa makamin da ɗan'uwansa yake da shi a gidan attajiri.

A Yugoslabiya ta zamanin Tito, inda dokar 1950 ta damƙa gudanar da masana'antu ga majalisun ma'aikata, sandika ta zama kusan ƴar rakiya, tun da an ce babu sauran mai gida da za a yi jayayya da shi. Duk da haka masu haƙar kwal na Trbovlje sun yi yaji a 1958, kuma yaje-yaje suka ci gaba da aukuwa, mafi yawansu ba da jagorancin sandika ba.

Ƴan gida da ƴan rakiya

Dalili na huɗu shi ne rarrabuwar kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma an kafa sandika ne don ta haɗa dukan masu sana'a ɗaya, ko a wane gida suke aiki, a hana masu jari gwara kansu. Mallakar kamfani kuwa tana ɗaure zuciyar ma'aikaci ga gidansa kaɗai. Ma'aikacin masana'antar da ke gasa da su, wanda jiya ɗan'uwa ne, yau ya zama abokin hamayya, kuma faɗuwarsa riba ce.

Har cikin gida ɗaya ma akan samu bango. A United, sandikar masu hidimar fasinjoji cikin jirgi ba ta shiga cinikin 1994 ba, sai ya zama a jirgi ɗaya akwai masu jari a gaba, akwai ƴan ƙwadago a baya. A Mondragon, kamfanin Fagor mai ƙera firji da injin wanki ya sayi Wrozamet a Polan a 1999, ya sayi Brandt a Faransa a 2005, yana kuma da masana'anta a Maroko. Ma'aikatan waɗannan wurare ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a. Da Fagor ya karye a ƙarshen 2013, yana da ma'aikata fiye da 5,000, amma mambobi ba su kai rabi ba. Mafi yawan mambobin an sama musu gurbi a waɗansu kamfanonin ƙungiyar ko an ba su ritaya da wuri, wanda abin yabo ne. Sauran kuwa wannan inuwa ba ta kai kansu ba. Abin da su Webb suka hango tun ƙarni na 19 ke nan.

Sandika a kujerar attajiri

Dalili na biyar ya shafi sandikar da ta shiga kasuwanci da kanta. Babbar ƙungiyar ƙwadagon Jamus ta Yamma, DGB, ta mallaki kamfanin gine-gine mai suna Neue Heimat. Niyyar mai kyau ce: bayan yaƙin duniya na biyu birane sun rushe, talakawa ba su da matsuguni. Kamfanin ya gina gidaje fiye da 400,000, ya zama mafi girma a irinsa a yammacin Turai. Amma a watan Fabrairu na 1982 mujallar Der Spiegel ta fallasa cewa shugabansa Albert Vietor da waɗansu manyan daraktoci suna azurta kansu ta hanyar kamfanonin ɓoye, a kan ƴan haya. Bincike ya tono bashi na biliyoyin mark. A 1986 ƙungiyar ta sayar da kamfanin ga wani mai gidan burodi na Berlin, Horst Schiesser, a kan mark ɗaya tak, kuma cikin ƴan makonni bankuna suka tilasta a warware cinikin.

Asarar kuɗi babba ce, amma asarar mutunci ta fi. Ƙungiyar da take zargin masu jari da haɗama, ga shi an kama nata mutane da hannu dumu-dumu. Kuma ƴan hayar nan, da yawansu mambobin sandika ne. Wa za su kai wa kuka, tun da mai gidan hayar shi ne mai kare su?

Takarda ba mulki ba ce

Akwai kuma abin da ya kamata ma'aikatan ƙasashenmu su fi kula da shi, watau hannun jarin da ake ware musu lokacin sayar da kamfanonin gwamnati. A Rasha, tsakanin 1992 da 1994, mafi yawan masana'antu sun zaɓi tsarin da ya ba ma'aikata da shugabanninsu kashi 51 cikin ɗari. Ba a daɗe ba, ma'aikatan da suke wata da watanni ba albashi suka riƙa sayar da takardunsu da arha, daraktoci da ƴan kasuwa suka tattare. Mai jin yunwa ba ya ajiye takarda.

A nan Nijar, lokacin da aka damƙa aikin rarraba ruwan sha na birane ga kamfanin SEEN a 2001, an ware wa ma'aikata kashi 10 cikin ɗari, alhali kamfanin Faransa na Vivendi, wanda sashensa na ruwa ya koma Veolia daga baya, yana riƙe da 51. Kashi 10 yana iya kawo ɗan rabo a ƙarshen shekara, wannan ba abin rainawa ba ne. Amma lissafi ba ya ƙarya: mai 51 shi ke yanke hukunci. Sandikar da ta ɗauki irin wannan kaso a matsayin mulki ta ruɗi kanta, kuma idan ta karɓe shi a madadin yin shiru, to ta yi cinikin biri a sama.

Ƙasar Suwidin ta gwada kauce wa waɗannan ramuka duka. A 1976 babbar ƙungiyar ƙwadagonta, LO, ta amince da shirin masanin tattalin arziki Rudolf Meidner, wanda ya ce manyan kamfanoni su riƙa mai da kashi 20 cikin ɗari na ribarsu hannun jari, a zuba cikin asusun da ƙungiyoyin ƙwadago ke riƙe da shi, har wata rana su zama masu rinjaye. Masu jari suka tashi haiƙan. A 4 ga Oktoba na 1983 dubban mutane suka yi maci a Stockholm don ƙin shirin. Abin da majalisa ta zartar a ƙarshen wannan shekara inuwar shirin farko ne kawai, kuma gwamnatin da ta hau a 1991 ta soke shi. Ƙungiyar da take cikin mafi ƙarfi a duniya ta ɓata shekaru 15 a kan yaƙin da ta fita daga cikinsa hannu rabbana.

To, ina mafita?

Kada mai karatu ya fahimci cewa ana kushe gama kai ne. Mondragon yana nan da ransa, yana ciyar da dubban iyalai, kuma tazarar albashi tsakanin babba da ƙarami a cikinsa ba ta kai ta sauran kamfanoni ba. A ƙasarmu ma gama kai tsohon abu ne, daga gayya da adashi har zuwa ƙungiyoyin manoma da hukumar UNCC ta fara tsarawa tun 1962. Masu ɗinki, makanikai, mata masu sarrafa gyaɗa, duk wanda ba shi da mai gida tun asali, haɗa jari yana iya zama alheri gare shi. Haka kuma idan masana'anta za ta mutu, babu mai saye, ma'aikata suka zaɓi su gwada sa'arsu da idonsu buɗe, ba a ce musu kul ba. Abin da ake cewa shi ne, wannan magani ne na ranar tilas, kuma ko a ranar, sai sandika ta tsaya a wajen shagon, ta ci gaba da zama bakin ma'aikaci, har a gaban daraktan da ma'aikata suka zaɓa da kansu.

Mai neman a ji muryarsa cikin kamfani ba sai ya saye shi ba. A Jamus dokar 1951 ta ba ma'aikatan kwal da ƙarfe kujeru daidai da na masu jari a majalisar sa ido, dokar 1976 kuma ta ba da rabin kujeru a kamfanonin da suka wuce ma'aikata 2,000, ko da yake shugaban majalisar, wanda ke fitowa daga ɓangaren masu jari, shi ke raba gardama. Ba su biya wannan da ko kwabo na albashinsu ba. Doka ce ta ba su, kuma ƙarfin ƙungiya ne ya kawo dokar.

Mu ma muna da kayan aikinmu. Nijar ta rattaba hannu a kan yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, mai kare ƴancin kafa sandika, a 1961, da ta 98, mai kare haƙƙin ciniki na gama-gari, a 1962. An kuma ƙulla yarjejeniyar gama-gari ta sana'o'i a 15 ga Disamba na 1972. Amfanin irin waɗannan takardu shi ne suna rufe kowa, mai ajiya da marar ajiya, tsohon ma'aikaci da sabon ɗauka. Aikin da ke gaban sandika yana da yawa: a biya albashi a kan kari, a zuba kuɗin asusun jin daɗin ma'aikata, a kiyaye lafiyar mai aiki, a jawo dubban ƴan ƙwadagon da ba su da ko takardar ɗauka. Kowace tamma da kowace rana da aka kashe wajen koyon zama attajiri, daga wannan aiki aka ɗebe ta.

Saboda haka, ranar da aka zo wa ma'aikata da tayin hannun jari, wajibi ne shugabanninsu su yi tambaya huɗu kafin tafi ya tashi. Me ya sa mai gida yake son rabuwa da shi yanzu? Da me za mu biya? Kujera nawa za mu samu, kuma wa ke raba gardama? Idan gidan ya faɗi, me zai rage a hannun ma'aikaci da iyalinsa? Wanda ya kasa ba da amsa a fili, a bar masa kayansa.

Allah ya ba ma'aikatanmu haɗin kai, ya ba shugabanninsu hangen nesa. Amin.